"Labarin zuciya a tambayi fuska": in bar ta ko in cire?

'Yar Agege: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ina karatun digirin digirgir a fannin nazarin halayyar ɗan'adam a wata jami'a nan Legas. Bincikena kan ciwon damuwa ne tsakanin 'yan kasuwarmu na Mile 12 da Agege da suka baro iyali a Arewa. Na buɗe babi na farko da "labarin zuciya a tambayi fuska", sai farfesan da ke duba aikina ya zagaye ta da jan biro, ya ce ko in kare ta da hujja ko in cire. Shin Bahaushe cewa yake fuska ba ta ƙarya?

Baba Mai Goro: Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya yi albarka. Ai magana a fili take. In na aiki yarona karɓo kuɗin goro, tun daga bakin layi nake gane ko an biya shi ko an ce ya dawo gobe, bai ko buɗe baki ba. Kar ki cire.

Malamin Idi-Araba: Baba, a gafarce ni, da sauran magana. Bahaushen da ya faɗi wannan shi ne dai ya ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Mu da aka rene mu da kawaici? Dubi uwa da ɗanta na fari. Ya sauko daga motar Legas bayan dogon rabo, ƙanne na tsalle, kishiya na guɗa, ita ko ta sunkuyar da kai tana tsince shinkafa, ko sunansa ba za ta kira ba. Baƙo ya gani sai ya rantse ba ita ta haife shi ba. To a tambayi wace fuskar?

'Yar Agege: Allah ya gafarta Malam, wannan gardamar ita ce masana ke yi har yau. A 1971 Paul Ekman da Wallace Friesen suka wallafa bincikensu kan mutanen Fore na Niyu Gini. An ba su labari, an nuna musu hotunan fuskoki, suka zaɓi wadda ta dace, kuma yawanci zaɓinsu ya yi daidai da na Turawa, sai dai sun riƙa haɗa tsoro da mamaki. Daga nan maganar ta bazu cewa farin ciki, baƙin ciki, fushi, tsoro, mamaki da ƙyama fuskarsu ɗaya ce ko'ina a duniya. Amma a 2014 aka gwada mutanen Himba na Namibiya, aka ce su kasa hotunan yadda suka ga dama, ba su kasa su gida shidan nan ba. A tsibiran Trobriand kuwa, fuskar zare ido da hangame baki da Bature ke kira tsoro, su barazana suka gani. A 2019 Lisa Feldman Barrett da abokan aikinta suka tattara binciken da aka yi, suka ce ba a iya dogara da fuska kaɗai a yanke hukuncin abin da ke zuciya.

Ɗan Alaba Rago: Anti, ni tambayata daban ce. In kin gama digirgir ɗin nan za ki fara yi wa mutane allura? Akwai wani maƙwabcina da nake so a fara da shi.

'Yar Agege: Ƙanena, rufa min asiri! Mai rubuta magani likitan ƙwaƙwalwa ne, shi makarantar likitanci ya bi. Nawa bincike ne: a tsara tambaya, kwamitin ɗa'a ya amince, kowa ya sa hannu da yardarsa, a tattara bayanai, a yi lissafi, a rubuta kundi a kare shi gaban malamai. Shekara uku ce mafi ƙaranci, in ba yajin aiki ya gitta ba, irin na 2022 da ya ci wata takwas.

Nas ɗin Yaba: Ƙanwata, ina bayan Malam. Namu in sun zo asibiti, ka ce yaya jiki, da murmushi za a ce maka alhamdulillahi. Sai an zauna sosai za ka ji "kaina na zafi", "wani abu na yawo a jikina", "barci ya ƙaurace min". Wanda ya rako shi ne zai ce ai ya daina fitowa sallar jam'i, ya daina kiran gida. Ki karanta aikin Farfesa Adeoye Lambo, likitan ƙwaƙwalwa, a asibitin Aro da ke Abeokuta: tun 1954 ya sa marasa lafiya zama a ƙauyukan kusa da asibiti, kowa tare da ɗan'uwansa.

Baba Mai Goro: To ai kun dawo kan maganata ba ku sani ba. Yarona na ce, ban ce baƙo ba. Na san fuskarsa ranar riba, na san ta ranar faɗuwa. Kuma wa ya taɓa jin an yi wa hoto karin magana? Ana faɗinta ne in naka ya ce "ba komai", kai kuwa ka ga akwai komai. Uwar nan da Malam ya kawo, ƙanwarta ta shigo ta dube ta, wallahi sai ta gane.

Malamin Idi-Araba: Na yarda da rabi, Baba. Sau tari ma tsokana ce, irin wadda ake yi wa amarya ko wanda ya ci riba yana ɓoyewa. A ɗauke ta a kafa kundin digiri a kai, nan ne ban yarda ba. 'Yar Agege, ki bar ta, amma ki ajiye karin maganar ciki da tuwon a gefenta, su yi faɗansu.

Hajiya Mai Tumatir: Ku dai yi ta yi. 'Yata, in Mile 12 za ki zo, kar ki zo da safe ana sauke kaya, ba mai kallonki. Ki bari sai bayan la'asar. Kuma kar ki fara zaro takarda da biro, za a ɗauka 'yar haraji ce. Ki neme ni layin tattasai in kai ki wajen shugabannin kasuwa tukuna.