Killacewa ko keɓewa? A raba mana kalmomin nan biyu

MaiFassara_Kawo: Assalamu alaikum. Ina neman taimakon ma'aikatan lafiya da malaman harshe da ke zauren nan. Turawa suna da kalmomi biyu, quarantine da isolation, mu kuwa tun lokacin korona duk "killacewa" muke ce musu. Wanda gwaji ya tabbatar yana da cutar, an killace shi. Wanda ya dawo daga tafiya lafiyarsa ƙalau, an killace shi. Har gari ma an killace. Mai sauraron rediyo a Rigasa in ya ji "an killace mutum ashirin a unguwarku", abin da zai ɗauka duka ashirin ɗin sun kamu. Ga zazzaɓin Lassa yana dawowa duk rani, sanarwa ba za ta ƙare ba. Mu tsayar wa kowacce kalmarta.

Likita_TudunWada: Wa alaikumus salam, Malam. A fara raba aikin tukuna, sannan a sa suna. Isolation na wanda ya riga ya kamu ne, ana raba shi da masu lafiya don kada ya shafa musu. Quarantine kuwa na mai lafiya ne wanda ya yi cuɗanya da mai cutar, ana jira a ga ko za ta fito masa. Lissafin kwanakinsu ma ba ɗaya ba ne. Na mai lafiya ana auna shi da iyakar kwanakin da cutar ke ɓuya a jiki kafin ta bayyana: korona kwana 14, Ebola da Lassa kwana 21. Kuma daga ranar cuɗanya ta ƙarshe ake fara ƙirge, ba daga ranar da jami'i ya zo gida ba. Na majinyacin korona kuwa daga ranar da alamu suka fara ake ƙirgawa. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a tsakiyar 2020 ita ce kwana 10, a ƙara aƙalla kwana 3 ba zazzaɓi ba tari.

Inda ake yawan kuskure: matar da ke jinyar mijinta a ɗaki ɗaya, kwanakinta ba su fara ba sai ranar da ya warke ko aka ɗauke shi. Haka wanda aka gwada kwana biyu bayan cuɗanya aka ce ba shi da ita, bai kuɓuta ba, mai yiwuwa ƙwayar ce ba ta yi yawan da gwaji zai gan ta ba.

MalaminHausa_Zariya: Madalla, Likita. Ita kalmar quarantine asalinta daga Italiyanci take, daga kalmarsu ta arba'in. A zamanin annoba, mutanen birnin Benis na Italiya kan tsayar da jirgin ruwa kwana arba'in kafin a bar fasinja da kaya su sauka. Kafin su, birnin Ragusa, wato Dubrovnik ta ƙasar Kuroshiya a yau, ya kafa irin wannan doka a 1377, amma ta kwana talatin. To mu ma muna da arba'in ɗinmu. Mai jego ba ta fita sai ta yi arba'in, kowa ya san zama ne na kariya, ba na laifi ba. Me zai hana a ce "zaman arba'in"?

Nas_Kakuri: Malam, Allah ya ƙara sani, amma wannan ba zai yi aiki a bakin asibiti ba. Ka ce wa ɗan achaba ko mai kayan miya a kasuwar Bacci zai yi zaman arba'in, ai kwana arba'in zai ji, ba 14 ba, kuma daga nan ba zai sake ɗaukar waya ba. Kalmar da ke ɗauke da lamba a cikinta ba ta dace da abin da lambarsa ke sauyawa daga cuta zuwa cuta ba. Ita ma "tsarewa" da wasu ke faɗa, a jefar da ita. Kalmar 'yan sanda ce. Mutum in ya ji za a tsare duk wanda ya ambata, sai ya ce bai haɗu da kowa ba, alhali jiya ya ci tuwo kwano ɗaya da mutum biyar.

MalaminHausa_Zariya: Na karɓi gyara, Hajiya. Na janye arba'in. To ga abin da harshen ya ba mu. "Keɓe" tana nufin a fitar da abu guda daga cikin 'yan uwansa saboda wani abu da aka gani a tare da shi. Makiyayi kan ware saniyar da ta nuna ciwo, ya ɗaure ta can gefe. "Killace" kuwa kewaye wuri ne, kamar yadda ake killace fili da zana ko dannin kara, ba a ce akwai aibu a abin da ke ciki ba. Saboda haka majinyaci keɓe shi ake yi. Mai jiran ya ga ko cuta za ta fito, killace shi ake yi.

SaIdo_Chikun: Keɓewa ta zauna, ba ni da ja. Amma killacewa ita kaɗai ba ta faɗi aikin ba, domin ba kowace cuta ce ke buƙatar a rufe mutum a ɗaki ba. A duba Ebola ta 2014 a Legas. Patrick Sawyer, mutumin da ya shigo da cutar, ya sauka daga Laberiya ranar 20 ga Yuli, Dakta Stella Adadevoh ta hana shi fita daga asibiti duk da matsin da aka yi mata, ita ma cutar ta zama ajalinta. Wannan keɓewa ke nan. Daga nan aka bi sawun mutum kusan 900, ana zuwa wurin kowannensu kullum ana auna zafin jikinsa har kwana 21. Mafi yawansu ba a kai su ko'ina ba. Dalili shi ne mai Ebola ba ya shafa wa kowa sai alamu sun fito, don haka in an kama zazzaɓin ranar da ya fara an tare hanya. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, ranar 20 ga Oktoba aka ayyana Najeriya ta rabu da cutar.

Korona ta saɓa. Mutum yana iya yaɗa ta kwana ɗaya ko biyu kafin ya ji komai a jikinsa. Shi ya sa a lokacin annobar jami'i kan tambayi majinyaci su wa ya zauna da su tun kwana biyu kafin ciwon ya fara, kusa da kusa, tazarar da ba ta kai mita ɗaya ba, na fiye da minti 15. Irin waɗannan auna zafi kaɗai bai isa ba, sai sun zauna a gida. Shawarata, na farko, irin na Ebola, a ce masa "sa ido", na biyu, irin na korona, "zaman sa ido".

Likita_TudunWada: "Zaman sa ido" ta fi min. Tana gaya wa mutum abu biyu a lokaci guda: zai zauna, kuma akwai mai duba shi. Ko da yake a bakin matasa "ɗan sa ido" ba yabo ba ne.

SaIdo_Chikun: Haka ne, Likita, amma "sa ido kan cututtuka" ta daɗe a labarai, kunne ya saba da ita.

DattijonUnguwarRimi: 'Ya'yana, ku bar ni in nuna muku inda ruɗanin ya samo asali a jihar nan ta Kaduna. Dokar da mataimakiyar gwamna, Dakta Hadiza Balarabe, ta sanar ranar 26 ga Maris 2020, wadda ta hana fita dare da rana, a kan tsohuwar dokar quarantine ta 1926 aka jingina ta, kuma da wannan suna takardun gwamnati suka riƙa kiranta. Kwana biyu bayan nan gwamnan lokacin, Nasir El-Rufai, ya sanar cewa ya kamu, ya keɓe kansa. Ka ga abu biyu mabambanta a mako guda, mai fassara kuma kalma ɗaya gare shi. Jama'a ne suka warware da kansu, suka ce "dokar kulle", ba wanda ya koya musu. Kada a taɓa wannan. Kwana 75 aka yi kafin a sassauta a watan Yuni. Birnin Wuhan na Sin ya yi 76, daga 23 ga Janairu zuwa 8 ga Afrilu. Kuma kulle gari ba baƙon abu ba ne a wurinmu, hadisi ya ce in annoba ta sauka a wata ƙasa kada na waje ya shiga, na ciki kada ya fita.

Nas_Kakuri: Gaskiya ne, Baba. Ga dalilin da ya sa raba kalmomin ba ado ba ne. Jirgin ruwan Diamond Princess da aka tsayar a tashar Yokohama ta Japan a Fabrairun 2020 yana ɗauke da mutum 3,711. An ce kowa ya zauna a ɗakinsa, amma ma'aikatan jirgin na kai abinci ɗaki ɗaki, suna kwana tare suna ci tare, masu cutar kuma ba a kwashe su da wuri ba. Fiye da 700 suka kamu. A Wuhan da suka ga masu ƙaramin ciwo suna shafa wa iyalansu a gida, sai suka mai da manyan zaurukan wasanni da na baje koli wuraren keɓe su. Biyetnam kuwa lambobi ta sa: F0 majinyaci, F1 wanda ya yi cuɗanya da shi, F2 wanda ya yi cuɗanya da F1, kowane rukuni da abin da ake yi masa.

A nan gida, ɗauki gidan haya mai ɗaki takwas da banɗaki ɗaya. Mai zaman sa ido zai iya zama a ɗakinsa, taga a buɗe, da kofinsa da kwanonsa da butarsa, a ajiye masa abinci a bakin ƙofa, ya auna zafi safe da yamma, in ya kai digiri 38 ya kira jami'i. Hannun ƙofa da bakin masai a goge da ruwan bilic, in mai ƙarfin kashi 5 cikin 100 ne, awo 1 a cikin awo 49 na ruwa, a haɗa sabo kullum don ƙarfinsa yana raguwa in ya kwana. Amma majinyaci a irin wannan gida, musamman in akwai tsoho ko mai ciwon suga, sai dai cibiyar keɓe majinyata. In kalma ɗaya ce, iyali ba za su gane me ya sa aka bar wannan a gida aka ɗauke wancan ba, sai su ce son kai ne.

Likita_TudunWada: Kada kuma mu ɗauka Turancin ya zauna daram. A Niyuzilan lokacin korona, otal ɗin da aka riƙa sauke matafiya masu lafiya shi suka kira isolation, wanda gwaji ya nuna yana da cutar a kai shi na quarantine. Sun juya kalmomin. Don haka mai fassara ya duba wa ake magana a kai, kada ya bi kalmar kawai. Tambaya ɗaya ce: ya kamu, ko ana jira a gani?

MalaminHausa_Zariya: Sai dai "zaman sa ido" suna ce, ba ta ba da aikatau kai tsaye. Ba ka cewa "an zaman sa ido shi". Sai ka ce "an sa shi zaman sa ido", ko "ya shiga zaman sa ido", "ya kammala zaman sa ido". Wannan ba matsala ba ce, haka muke yi da zaman makoki da zaman takaba. Killacewa kuma a bar ta ga wuri da kaya: an killace jirgi, an killace gonar kaji saboda murar tsuntsaye.

MaiFassara_Kawo: Na gode muku duka. Ga yadda zan rubuta, a gyara min in da kuskure: "An keɓe mutum biyu da gwaji ya tabbatar suna da zazzaɓin Lassa. Wasu 18 da suka yi cuɗanya da su lafiyarsu ƙalau, jami'an lafiya na sa ido a kansu har kwana 21." In ta korona ce sai in ce "sun shiga zaman sa ido na kwana 14 a gidajensu". Wurin da ake kwantar da majinyata kuma "cibiyar keɓe majinyata", ba "cibiyar killacewa" ba.

SaIdo_Chikun: Ya yi, Malam. Ƙara "daga ranar da suka rabu da majinyacin" bayan adadin kwanakin. In ba haka ba, daga ranar da suka ji sanarwar za su fara ƙirge.