Musayar Waƙa: Gidana a Kan Mambila

Ɗan Rima:
Assalamu alaikum, 'yan uwa ma'abota waƙa. Daren jiya an ɗauke mana wuta, ga shi muna tsakiyar Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato yake haura digiri 40 da rana, bangon ɗaki kuma ba ya hucewa sai gab da asuba. Da barci ya gagara, sai na shimfiɗa tabarma a tsakar gida na rubuta waɗannan baitoci game da tsaunin Mambila na jihar Taraba. Mai amsa ya amsa, amma ina roƙon a riƙe mini amsa-amona.

Ina son gidana a kan Mambila,
Wurin nan da iska take walwala.

Kadada guda ta ishen, ba yawa,
Itacen turare da 'yar fitila.

Gudali biyar, karsana 'yar fara,
Na tatso da kaina, na bar wahala.

Da kaji da zabi da jar akuya,
Suna can a kiwo ina mai kula.

Gumi ya ishe ni a Sakkwato yau,
Gari na ta duka kamar bulala.

Yaya Mai Kindirmo:
Wa alaikumus salam. Na riƙe maka amsa-amonka kamar yadda ka nema, sai dai ban yi alkawarin riƙe maka asirinka ba.

Ƙanena, mafarkinka ya burge ni,
A kwance ka hau har saman Mambila.

Hannunka alƙalami ne ya sani,
Ina kai ina saniya mai jela?

Ragon layya ɗaya ka turke bara,
Ya tsinke ka bi shi kana ta ƙwalla.

Gudali biyar ba su cin baituka,
Da dusa da kanwa, lissafa jimla.

Sarkin Yaƙin Ƙofar Mata:
Allah ya ja zamaninki, Yaya! Kano ta Dabo tumbin giwa, ko da me ka zo an fi ka. Baiti huɗu kacal, an rushe gonar mutumin Sakkwato tun bai kafa danga ba.

Ɗan Rima:
Sarkin Yaƙi, mai kirari a gefen fage ba shi ne ke shan naushi ba. Yaya kuwa, tunda kin tono zancen rago, ki yi haƙuri da abin da zai biyo baya.

Kindirmon da Yaya take taƙama,
Na madarar gari ne cikin 'yar kula.

Ragon nan ya tsinke, hakan gaskiya,
Na kamo shi kafin a tayar da salla.

Gudali da Sakkwato aka san ta,
Ku kuwa abin nunawarku sai Dala.

Baffa na Nguroje:
Ɗana, ni a kan tsaunin nan aka haife ni, a nan kuma gemuna ya yi fari, saboda haka ka saurare ni kafin ka ɗaure kaya. Sanyin da kake kwaɗayi gaskiya ne, domin tsaunin ya kai kimanin mita 1,600 a sama da teku, kuma Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijeriya da mita 2,419, maƙwabcinmu ne a kan iyakar Kamaru. Wannan tsayin ne ya hana ƙudan tsando hawowa, shi ya sa Fulani suka taho da shanunsu suka zauna, shi ne kuma ya sa ganyen shayi yake yi a Kakara. Amma Gudalin da muke kiwo a nan ta Adamawa ce, ba Bokolon Sakkwato da kake wa Yayarka gori da ita ba. Kadada gudan nan da ka ambata da sauƙin baki ita ce babbar magana, domin a kan ƙasar noma da kiwo aka zubar da jini a nan a 2017, kuma har yau ba a yi wa zancen fili wasa. Ka yafe mini amsa-amonka, na tsufa da bin sawun yara.

Taho ɗana, ga sanyi har ya yi yawa,
Ruwa wata takwas ba ya gajiyawa.

Ka wanke riga ran Lahadi ka shanya,
Ran Laraba ba ta gama bushewa.

Jar akuyarka 'yar rana ce da yashi,
Raɓa ta taɓa ta sai tari da ramewa.

Tsando ba ya hawo mana, mun gode Allah,
Kaska kuwa kullum sai an yi cirewa.

Tudun da ka hango kore shar a hoto,
Da mai shi, da waya, ba ya ƙyalewa.

Abu ɗaya ka yi daidai, wato fitila. Ka zo da ita da kananzirinta, domin madatsar wutar Mambila mai megawat 3,050 da ake ta faɗa tun muna samari, har yau a rediyo muke jin ta.

'Yar Tudun Jos:
Baffa ya faɗi gaskiya, Allah ya ƙara girma. Ni abin da ban gane ba shi ne dalilin da zai sa mutum ya tsallake Filato ya nufi ƙarshen Taraba neman sanyi, alhali cibiyar binciken lafiyar dabbobi tana Vom tun 1924.

Ina kai ina hawan Mayo Selbe,
Ga Jos nan kusa babu wata wahala.

Dankali a Bokkos, acca a faranti,
Likitan dabba a Vom yana ta kula.

Sarkin Yaƙin Ƙofar Mata:
Kafin a raba masa fili a Jos ko a Gembu, a fara gyara masa waƙarsa. Na ƙirga baiti na biyu da na uku, na tarar kari ya karye a kan "fitila" da "wahala", domin inda ake jiran gaɓa mai nauyi sai ya kawo sassauƙa. Wanda bai iya turke ɗango ba, ina zai iya turke karsana?

Malam Mai Aruli:
Sarkin Yaƙi, ka ƙirga, amma rabin karatu ka ƙirga da shi. Waƙar Ɗan Rima a kan karin Mutaƙarab take, kuma sauke gaɓar ƙarshe ta ƙafa daga nauyi zuwa sauƙi shi ne zihafin da ake kira ƙabli, wanda aka yarda da shi a wannan kari tun zamanin Halilu ɗan Ahmadu na Basra da ya tsara ilimin. Inda ya yi ɗingishi na gaskiya shi ne ɗangon ƙarshe, domin gaɓa ta goma sassauƙa ake so, shi kuwa ya ɗora mata tsakiyar "bulala" mai nauyi. Sai dai idan da wannan ma'auni za a yi hukunci, to Yayarka ta faɗa ramin nan sau uku, a "jela" da "ƙwalla" da "jimla".

Sarkin Yaƙin Ƙofar Mata:
Allah gafarta Malam, waƙar Hausa da kunne ake auna ta, ba da sikelin Larabawa ba. Duk wanda ya rera baitocin Yaya zai ji sun zauna daram.

Ɗan Rima:
Ɗazu kai ne ka fito da sikelin, yanzu da ya auna naku sai ya zama na Larabawa?

'Yar Tudun Jos:
Ni dai babu wanda ya amsa mini zancen Jos.

Sarkin Yaƙin Ƙofar Mata:
Shekara biyu muna tare da Malam a wannan zaure, ban taɓa ganin baitinsa ko ɗaya ba, sai jan biro a kan na mutane.

Malam Mai Aruli:
To, ga shi, kada a ce na gudu.

Ni burina ɗan lambu ne da inuwa,
Da agwagi biyu, ban da masu karya ƙa'ida.

Yaya Mai Kindirmo:
Allah gafarta Malam, wannan kuma a wane kari za mu ajiye shi? Ko amsa-amo ban gani ba, sai agwagi.

Baffa na Nguroje:
Ku yi mini afuwa, kwana uku ban leƙo ba, saniyata ce ta haihu da wahala. Na tarar kun bar shanu kun koma kiwon gaɓoɓi. Ɗana, idan da gaske kake, kada ka zo a Disamba lokacin da baƙi ke zuwa ɗaukar hoto. Ka zo a Agusta, ka biyo ta Serti ka hau zuwa Maisamari cikin hazo, ka sauka a gidana wata guda, kana fita tatsa da asuba cikin taɓo. In ka cika watan ba ka nemi mota ba, ni da kaina zan raka ka wurin masu ƙasa mu yi maganar aro ko haya, domin sayarwa ba ta da sauƙi.

In za ka zo, ɗana, ga saƙona,
Ƙullo mini ranar Rima cikin tsumma.

Gwiwata ta gaji da sanyin damina,
Ni ma mafarkin yashi nake in na kwanta.

Ɗan Rima:
Na karɓa da hannu biyu, Baffa, Allah ya raya abin da aka samu. In Allah ya kai mu Agusta ina tafe.

Yaya Mai Kindirmo:
Baffa, a taimaka a fara ba shi zabi tukuna, kuma a tanadi igiya biyu.

Guda ta maraƙin da Baffa ya samu,
Guda ta ƙanena, gudun ya sulala.