Wane suna za mu ba man gwangwanin nan da ake fesa wa noti mai tsatsa?

'Yan uwa na Agege, Idi-Araba da Mile 12, da duk mai taɓa ƙarfe a Legas, ina neman mu tsayar da suna ɗaya na Hausa ga man da Turawa ke kira penetrating oil. Wanda muka fi sani shi ne WD-40, mai shuɗin gwangwani da jan murfi, wanda bakanike a Ladipo ke fesa wa notin da ya cije kafin ya sa masa sifana.

Abin da ya sa na damu shi ne, na fara jin wasu daga cikin maharba da 'yan sintirinmu suna kiransa man bindiga. Wannan sunan bai kamata ya zauna ba, domin duk wanda ya ji shi zai ɗauka da shi ake wanke bindiga, da shi kuma ake shafe ta a ajiye.

An ƙirƙiro WD-40 a 1953 a birnin San Diyego na Amurka, domin kare jikin makamin roka mai suna Atlas daga tsatsa. Haruffan nan biyu na nufin korar ruwa, 40 kuwa gwaji na arba'in ne da aka dace da shi. Mai ne tsararo ƙwarai, yana bin 'yar ƙaramar kafa ya shige tsakanin ƙarfe da ƙarfe, ya fitar da danshi, sannan mafi yawansa ya bi iska, ya bar ɗan shafi kaɗan.

To a jikin bindiga fa? Idan ruwan sama ya dake ta, ko an kwana da ita a bakin lagun, fesa shi don fitar da lema yana da amfani, ban musa ba. Iskar Legas danshi gare ta, ga gishirin teku, ƙarfe ba ya daɗewa bai yi ja ba. Amma iyakar aikinsa ke nan. Ba ya cire dalma da tagullar da harsashi ke bari a cikin bututu yadda ruwan da aka yi don haka ke cirewa. Ba ya riƙe santsi a wuraren da ke gogar juna. Idan aka yi ta fesawa ana bari, ragowarsa na haɗuwa da ƙura ya zama danƙo a wajen kunama, musamman ga wanda zai koma Arewa da bindigarsa lokacin hunturu. Katakon gindinta ma yana shan mai ya yi laushi. Abin da ya fi tsorata ni shi ne harsashi: man da aka yi don ya ratsa kafa zai iya shiga gindinsa ya lalata abin da ke kunna albarushin, a ja kunama a ji shiru.

Masu harba-ruga kuwa, tokar albarushinsu ruwan zafi ke wanke ta. Bayan an wanke ne man nan zai yi rana, ya kori sauran ruwan, a goge, sannan a sa man bindiga na ainihi. Kuma kowace iri ce, a tabbatar babu komai a cikinta kafin a fara. Ina magana ne da masu lasisi, kamar yadda dokar makamai ta 1959 ta tanada.

Yanzu ga sunayen da aka kawo mini. Wani ya ce man feshi, sai dai maganin sauro ma feshi ne, turare ma haka. Wani ya ce man tsatsa. Yana da sauƙin faɗa, amma bai nuna ko cire tsatsa yake yi ko hana ta ba, kuma a nan ne mutane ke ruɗewa. Wani ɗalibi ya kawo man kutse, fassara ce mai kyau, amma kutse yanzu ya tafi wajen masu shiga wayar mutane da asusun banki. Ni da kaina na so man ratsa tsatsa, sai na ga harshe na sarƙewa, ba mai faɗarsa sau biyu a tsakiyar kasuwa.

Wani dattijo mai gyaran janareta ya ce su tun tuni man kwance noti suke cewa. Baba, Allah ya ƙara girma, naka na ɗauka. Ya faɗi aikin, yaron shago zai gane shi nan take, kuma ba wanda zai ji shi ya yi tunanin wanke bindiga. A taƙaice a ce man kwance.

Sai mu bar man bindiga ga man da aka yi don shafawa da ajiya, irin Ballistol na Jamus, mu kira na wanke bututu ruwan wanke bindiga. Makanikan Owode Onirin da maharban da suka girme mu, idan akwai sunan da kuka gada wanda ya fi wannan, ku kawo shi mu ji.