Wai lissafin fas ɗin nan yana da amfani kuwa?

Ɗan Birni:
Salamu alaikum 'yan uwa. Jiya a fada musu ya kaure tsakanina da wani abokina har shayi ya huce ba mu sani ba, shi wai duk ekip ɗin da ta fi yawan fas ita ta fi iya ƙwallo, ya buɗe Sofascore, manhajar lissafin wasanni, yana ta nuna min lambobi. To ni ina horar da yaran unguwa, shin abin nan zai amfane ni ko dai sai Turawa masu kamara ko'ina?

Na Zongo:
Hhh ka tambaye shi Espanya da Marok a gasar kofin duniya ta Katar 2022. Espanya ta yi fas sama da 1000, ta riƙe ƙwallo wajen kashi 77 cikin 100, amma sau ɗaya tak ta buga wadda ta nufi raga, aka je fenariti Marok ta ci 3-0, golansu Bono ya tare biyu. Kocin Marok Regragi shi ya sakar wa Espanya ƙwallon da gangan, su yi ta kewayawa tsakanin 'yan baya kamar rakumin ban ruwa, ɗan wasansa Amrabat ya toshe tsakiya. Ƙirga fas ba wuya, a ina aka yi shi, ya tsallake mutum nawa, nan maganar take.

Malam Lissafi:
Gaskiyarka, amma kar a zubar da lissafin gaba ɗaya. Liverpool da masu lissafinta irin su Ian Graham suka dage sai an sayo Salah daga Roma a 2017, ai kowa ya ga abin da ya biyo baya. Akwai kuma xG, wato auna yiwuwar bugu ya shiga raga, fenariti wajen 0.76 ne cikin 1, na nesa kuwa ɗan mitsitsi.
Ƙanena kai ba ka buƙatar kamara. Kaye da bik sun isa. Sa yaro ɗaya bakin fili ya rubuta lambar wanda ya bayar da ta wanda ya karɓa, da inda ƙwallo ta ɓace muku, mitan ɗaya kawai, wallahi za ka ga ɗan gefenka na hagu ko sau uku ba a ba shi ba.

Ɗan Birni:
Allah ya saka Malam, sai dai rigunan yaran nawa rabi duk lamba 10 ce, sai mu rubuta da suna.