Yarinyar karatun gida ta kai aji 11: ta ina za a ɓullo wa jami'a da kuɗinta?

Maman Sumayya: Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah shawara nake nema. Sumayya ta shiga aji 11 bana, saura aji ɗaya ta gama sakandare, shekararta 16. Tun tana ƙarama muka cire ta daga makaranta saboda hadda, ni nake karantar da ita a gida, lissafi da kimiyya kuma tana yi da malamai ta intanet. Ta sauke, alhamdulillah. Yanzu jami'a ce a gabanmu, kuma abu biyu ya tsaya mini a rai: wace takarda za mu nuna tunda babu shugaban makarantar da zai sa mata hannu, sai kuma kuɗin. Babanta babbar mota yake ja, motar tasa ce. Muna jihar Jojiya a Amurka, gefen Atlanta.

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam. Barka da sauka, Allah ya sa Alƙur'ani ya cece mu. Ki kwantar da hankalinki, ƙanwata, shugaban makarantar ai ke ce. Karatun gida halas ne a dokar duk jihohi 50, kuma iyaye ne ke rubuta takardar sakamako su sa hannu. Shafi ɗaya ne: aji 9 zuwa 12, sunan kowane darasi, makin da ta ci, da kiredit ɗinsa. Darasin da aka yi shekara guda ana yinsa, kamar awa 120 zuwa sama, kiredit ɗaya ne. Abin da yawancin jami'o'i ke son gani shi ne Turanci shekara 4, lissafi 3 ko 4, kimiyya 3 da aikin ɗakin gwaji, tarihi da zamantakewa 3, sai wani harshe shekara 2. Bayan wannan shafin ki yi wani kundi daban, kowane darasi ki rubuta littafin da aka yi amfani da shi, wanda ya koyar, da yadda aka ba da maki. Ki fara yau. Abin da aka karanta a aji 9, in kika bari sai baɗi, ba za ki tuna rabinsa ba.

Maman Sumayya: Hajiya, Larabcin da take yi fa, zai shiga a matsayin harshe?

Hajiya Babba: Zai shiga in nahawu ne da karatu da rubutu, da littafi da malami. Haddar kuma kada ki cusa ta cikin darussa. Akwai gurbin ayyukan da ɗalibi ya yi a waje da aji, can za ta zauna, a rubuta awa nawa a mako, shekara nawa. Yarinyar da ta haddace littafi mai shafi 600 da wani abu, a harshen da ba nata ba, ba ƙaramin abin faɗa ba ne.

Dakta: Ni a kwalejin al'umma nake koyarwa, bari in ƙara kan maganar Hajiya. Takardar uwa ana karɓa, amma mai tantancewa ya san uwa ce ta ba 'yarta A. Abin da yake nema shi ne wani baƙo ya tabbatar. Hanya mafi ƙarfi a wajena ita ce ta ɗauki darussan kwaleji tun tana sakandare. Jojiya tana biya wa 'yan aji 11 da 12 har kiredit 30, 'yan karatun gida ma suna ciki, ta shafin GAfutures ake nema. Minesota suna da irinsa, PSEO, Ohio kuma College Credit Plus. Ta fara da darasi ɗaya ko biyu, rubutun Turanci da lissafi ko kimiyyar sinadarai mai ɗakin gwaji. Riba uku ce: maki daga hannun wani, malamin da zai rubuta mata wasiƙar shaida, da kiredit ɗin da ba ku biya ba. Sai dai a kula, makin nan na dindindin ne, yana bin ɗalibi har neman karatun likita. Kada a ɗora mata darasi huɗu a zangon farko don ana ganin kyauta ne. Kuma duk darasin kwaleji a gama shi kafin ranar da kika rubuta cewa ta kammala sakandare. Wanda ya ɗauka bayan ranar, jami'o'i da dama suna lissafa shi a mai canjin makaranta, kuma manyan tallafin sababbin ɗalibai su wuce shi.

Baban Abba: Dakta, jarrabawar shiga jami'a ta SAT fa? Na ji an ce an daina tambaya.

Dakta: An sassauta lokacin korona, amma wasu sun dawo da ita. Jami'ar MIT ta dawo da ita a 2022, Dartmouth da Yale da Brown da Harvard suka bi a 2024. Jami'o'in California na jiha su ba sa duba ta sam. Amma ɗan karatun gida, ko an ce ba dole ba, ni shawarata ya zana. SAT a kan 1600 take, yanzu a kwamfuta ake yi, takwararta ACT a kan 36. Ta gwada tsofaffin tambayoyin kowacce, wadda ta fi zauna mata ta riƙe. Khan Academy na da horon SAT kyauta, ban ga dalilin biyan dubbai ba tukuna. Abin da ke da gaggawa shi ne PSAT, jarrabawar share fagen SAT, a Oktoban aji 11 ake yinta, ita ce ƙofar tallafin National Merit, kuma sai kin sami makarantar da za ta ba ta kujera. Haka jarrabawar AP ta watan Mayu, wato ta darussan matakin jami'a da ake yi tun a sakandare, tun kaka ake rajista ta hannun wata makaranta. Ki kira makarantun unguwarku a makon nan.

Anti Niyok: Ku da kuke Jojiya da Teksas kun huta. Mu a nan jihar Niyok kowace shekara sai mun kai tsarin karatu, rahoto sau huɗu, da gwajin ƙarshen shekara. Kuma kafin kwalejin jihar ta ba yaro digiri sai ya nuna shaidar da jihar ta amince da ita, kamar wasiƙar shugaban ilimi na gunduma ko kiredit 24 na kwaleji a fannonin da aka ƙayyade. Na faɗa ne don masu karantawa a ɓoye, kada kowa ya ɗauki dokar jihar wani ya yi aiki da ita.

Alhaji Mai Lissafi: To ni bari in taɓo kuɗin, don a nan ne ake makara. Maman Sumayya, fom ɗin FAFSA, na neman tallafin karatu daga gwamnatin tarayya, bisa al'ada ranar 1 ga Oktoba yake buɗewa, a aji 12. Amma harajin da yake dubawa na shekara biyu baya ne. Wanda zai shiga jami'a a kakar 2027, harajin 2025 za a ɗauko. Wato shekarar da za a auna ku da ita tana farawa ne daga Janairun aji 10. Duk wanda zai sayar da fili ko ya ciri kuɗin fansho, ya san a wace shekara zai faɗa. Tunda maigida motar tasa ce, a tabbatar an shigar da haraji kan lokaci kuma lissafin gyara da mai da inshora yana a rubuce, domin fom ɗin kai tsaye yake jawo bayanai daga hukumar haraji.

Game da karatun gida, akwai tambayar yadda ɗalibi ya gama sakandare, a zaɓi karatun gida. Ba a buƙatar GED, jarrabawar da ke maye gurbin takardar sakandare, don tallafin tarayya muddin an bi dokar jiha. Sharaɗin shi ne ɗaliba ta zama 'yar ƙasa, ko mai girin kad, ko mai mafaka. Takardun iyaye ba su hana, ko uban da ba shi da lambar Social Security yana iya buɗe asusunsa ya cika nasa ɓangaren. Tallafin Pell, wanda ba a biya, ƙarshensa dala 7,395 a shekarar karatu ta 2025 zuwa 2026.

Wani abu da mutanenmu ke yi da kyakkyawar niyya: a tara wa yarinya kuɗi a asusu da sunanta. A lissafin FAFSA kuɗin ɗalibi ana ɗaukar kashi 20 cikin 100, na iyaye bai wuce kashi 5.64 ba. Asusun ajiyar kuɗin karatu na 529 da iyaye suka buɗe a na iyaye yake. Gidan da kuke ciki da kuɗin fansho na 401k ba sa shiga.

Baban Abba: Ranka ya daɗe, gidan da mutum ya gina a Kano ko Zinder fa? Wa zai sani?

Alhaji Mai Lissafi: Allah ya sani, kuma fom ɗin na gwamnatin tarayya ne, ƙarya a cikinsa laifi ne. Gidan da ba a ciki kake zaune ba, ana lissafa shi a kadara, ko a ina yake, a juya darajarsa zuwa dala a cire bashin da ke kansa. Da faɗuwar naira ma sau da yawa adadin ba ya kai abin da ake tsoro. Kuɗin da muke aika wa iyaye da dangi kuwa FAFSA ba ta da gurbinsa. Inda za ka faɗe shi shi ne fom na biyu, CSS Profile, wanda jami'o'i masu zaman kansu da yawa ke nema, akwai wurin bayanin yanayi na musamman. Shi ya fi tonon asiri, har darajar gidan zama yana tambaya, amma kyauta ne ga iyalin da samunsu bai wuce dala 100,000 ba. Sannan bayan an turo tayi, ana iya rubuta wa ofishin tallafi a nemi su sake dubawa, da rasit ɗin aike a haɗe.

Maman Sumayya: Allah ya saka da alheri, Alhaji. Mu dai mun riga mun cire ran manyan jami'o'in nan, kuɗinsu ya fi ƙarfinmu.

Yaya Ummi: Anti, kada ku cire tukuna. Ni ma karatun gida na yi, yanzu ina shekara ta uku. Farashin da ke kan shafi ba shi ake biya ba. Harvard da MIT tun kakar 2025 ba sa karɓar kuɗin karatu daga iyalin da samunsu bai kai dala 200,000 ba, ƙasa da 100,000 kuma har ɗaki da abinci suna ɗauka, in dai kadarorin ba su yi yawa ba. Shigar ce da wuya. Kowace jami'a doka ta sa ta ajiye abin lissafi a shafinta, Net Price Calculator, ku zauna da Baba da takardar haraji ku gwada jami'a kamar goma. Za ku ga wata mai zaman kanta ta fi ta jiha sauƙi, wata kuma akasin haka. Daga nan ku tsara jerin, ba daga suna ba. Sumayya ta duba QuestBridge, shirin da ke haɗa ɗalibai masu ƙaramin ƙarfi da tallafin manyan jami'o'i, wa'adinsu ƙarshen Satumban aji 12 ne. Common App kuma, fom ɗin neman shiga jami'o'i da yawa a lokaci ɗaya, 1 ga Agusta yake buɗewa, ke za ki shiga a matsayin mai ba ɗaliba shawara, ki ɗora takardar sakamako da bayanin makarantarku ta gida da wasiƙarki. Insha'inta kalma 650 ne iyaka, kuma ku bar ta ta rubuta da bakinta.

Hajiya Babba: 'Yar nan ta faɗi gaskiya. Ƙari ɗaya: ku guji tsarin neman gurbi da wuri na Early Decision in kuɗi na da muhimmanci, alkawari ne, in an ɗauke ta sai ta janye sauran, ba ku ga tayin kowa ba. Early Action ba ta ɗaure mutum, kuna da har 1 ga Mayu ku kwatanta.

Dakta: Kada a manta da HOPE, tallafin karatu na jihar, tunda kuna Jojiya. Ɗan karatun gidan da shirinsa ba shi da rajistar hukumar tantancewa, ko dai ya kawo makin SAT ko ACT da suka ƙayyade, ko ya yi kiredit 30 a jami'a da matsakaicin maki 3.0 sannan a mayar masa da kuɗin. Wannan ma wani dalilin zana jarrabawar ne, don shekarar farko daga aljihu ba wasa ba ce.

Malam Na Masallaci: Dakta, a faɗa musu dai cewa kuɗin HOPE daga cacar jiha yake fitowa tun 1993, kowa ya tambayi malamin da ya yarda da shi kafin ya karɓa. Haka bashin gwamnati. Ɗalibar shekarar farko ana ba ta har dala 5,500, a ciki 3,500 gwamnati ke ɗaukar ruwansa muddin tana makaranta da wata shida bayan ta gama, sauran tun ranar farko ruwa ke hawa. Wasu suna karɓar kashin farko su biya kafin wa'adi, wasu malamai sun ce sharaɗin ruwan da aka sa wa hannu shi ne matsalar. Akwai A Continuous Charity da ke ba ɗalibai Musulmi rance ba ruwa, sai dai masu nema sun fi kuɗin yawa.

Alhaji Mai Lissafi: Kuma a lura, takardar tayin jami'a takan jera bashi da kyauta a layi ɗaya kamar duk tallafi ne. Ku ɗauki biro ku soke duk inda aka rubuta rance, musamman Parent PLUS, bashin da iyaye ke ci, abin da ya rage shi ne gaskiyar tayin.

Baban Abba: Ni fa har yanzu ina ganin a kai ta gida kawai, BUK ko ABU, a huta da wannan lissafin.

Anti Niyok: Ba hutu ba ne, Baban Abba. Can takardar uwa ba ta aiki, sai ta zana WAEC ko NECO ta masu zaman kansu ta sami kiredit biyar har da Turanci da lissafi, sannan JAMB. Manhaja ce daban, shiri ne na shekara guda cur. In za a bi nan, yanzu ake yanke shawara.

Maman Sumayya: Babanta ya ce a nan za ta yi, a gabanmu. Gobe in sha Allahu zan kira makarantar unguwa kan PSAT, in kuma duba GAfutures don zangon Janairu. Hajiya, ko za ki turo mini samfurin takardar da kika yi wa naki, in ga yadda aka jera?

Hajiya Babba: Zan goge sunaye in turo miki bayan isha'i. Ki haɗa mini jerin littattafan aji 9 da 10 mu duba tare ranar Asabar.