Yankewar intanet ana tsakiyar watsa karatu kai tsaye: kowa ya faɗi abin da ya gani

Mai ɗaukar karatu, Kano

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni ke watsa karatun malaminmu daga masallacin unguwa, da laftof da kyamara ɗaya, ta manhajar OBS zuwa Facebook. Karatu yakan fara lafiya lau, amma da an yi nisa sai alamar da ke ƙasan OBS ta tashi daga kore ta koma ja, hoton malam ya daskare, wani lokacin ma shirin ya yanke gaba ɗaya kafin ya sake haɗuwa. Akwai dattawa da matan aure da ba sa iya zuwa masallaci, da wannan suka dogara, shi ya sa abin ke ci mini rai. Na auna gudun intanet ɗin, ya nuna 20 Mbps. Don Allah duk wanda ya taɓa fama da irin wannan ya faɗa mana yadda ya yi.

Mai gyaran kwamfuta, Zariya

Wa alaikumus salam. Malam, 20 ɗin da ka gani kusan tabbas gudun saukewa ne. Gwajin yana ba da lamba biyu, kuma ta biyun, wato gudun turawa, ita ce ta shafe ka, tunda kai bidiyo kake turawa waje. A layukan waya ta biyun takan yi ƙasa da ta farko nesa ba kusa ba, kuma hawa da sauka take yi. Wanda ya auna da hantsi ya ga 6 Mbps zai iya aunawa bayan Isha'i ya ga 2.

Yawancin laftof ɗin da ake kawo mini da wannan ƙorafi, na tarar an saita girman hotonsu a 1080p, nauyin bidiyo kuma a 6000 kbps, wato 6 Mbps, saboda mai shi yana son hoto ya fito tar. Layi ba ya iya ɗauka, sai OBS ta riƙa zubar da hotuna. Abin da nake yi: in auna gudun turawa a daidai wurin da kuma daidai lokacin da ake shirin, in ɗauki mafi ƙarancin lambar da na gani, in saita nauyin bidiyo kada ya wuce kashi biyu cikin uku nata. Malami a zaune yana karatu, 720p da 2000 zuwa 2500 kbps sun ishe shi. Ga kuma sauƙin data: 2500 kbps yana cin sama da 1 GB kaɗan a awa ɗaya, 6000 kuwa ya haura 2.5 GB.

Ka kuma buɗe shafin ƙididdiga na OBS kafin ka ɗora wa intanet laifi. Lissafi uku ne a ciki: hotunan da suka zube saboda layi, da waɗanda suka makara wajen haɗa hoton, da waɗanda suka makara wajen matse bidiyon. In biyun ƙarshe ne ke hawa, laftof ɗin ne ya gaji, ko da ka canza layi goma ba abin da zai sauya.

Malama mai koyar da girki, Kaduna

Allah ya saka da alheri, Injiniya. Tawa matsalar a cikin gida take. Rauta, wato na'urar da ke rarraba intanet a gida, tana falo, ni kuma ina kicin, bango biyu tsakaninmu. Ƙanena ne ya gano ta da wani gwaji mai sauƙi: ya buɗe baƙin allon umarni sau biyu, ɗaya yana aika ping, wato ɗan saƙon gwaji da ke jiran amsa, zuwa rautar gidan, ɗaya kuma zuwa 8.8.8.8, wani adireshi na waje a intanet, ya bar su suna tafiya ina shiri. Ya ce in na waje kaɗai ya tsaya, matsalar daga kamfanin layi ce. In duka biyun suka tsaya tare, tsakanin laftof da rauta take. Duka biyun suka riƙa tsayawa, musamman in na kunna na'urar ɗumama abinci, domin ita da Wi-Fi mai 2.4 GHz zango ɗaya suke. Muka ja doguwar kebul daga rauta har kicin, tun daga nan ban sake ganin ja ba sai nadiran.

Abu na biyu, wayoyin yara. Suna haɗuwa da Wi-Fi sai su fara kwashe hotuna da bidiyo suna ajiyewa a intanet, kuma ta wannan siririyar hanyar turawar suke bi. Yanzu in zan fara, kowa na sauka daga layin. A laftof ɗin ma nakan dakatar da manhajar ajiyar fayiloli da sabunta manhajoji har in gama.

Mai ɗaukar biki, Katsina

Malam, tunda ka ce sai an yi nisa abin ke farawa, ina zargin cunkoso. A wurin ɗaurin aure nakan gwada kafin jama'a su taru, komai daidai. Da an cika, ɗaruruwan wayoyi sun hau turken sabis ɗaya, sandunan sabis na nan cike a fuskar waya amma bidiyo ba ya fita. Masallaci ma haka ne, mutane suna ƙaruwa karatu na tafiya.

Abin da ya rage mini wahala: ina riƙe da layi biyu na kamfanoni daban-daban, in gwada su a wurin. Na'urar intanet ɗin nakan ɗaga ta sama kusa da taga, amma ba cikin rana ba, don in ta yi zafi gudunta na raguwa. Na kuma kulle ta a 4G kaɗai, saboda sauyawa tsakanin 4G da 3G kan yanke shiri. Masu haɗa laftof da wayarsu su kula: a wasu wayoyin kira na shigowa sai layi ya faɗa 3G ko ƙasa, shiri ya tsinke. Layin watsa shiri ya zama wanda ba a kira.

Kuma don girman Allah ka riƙa danna naɗa tare da watsawa. In layi ya ci amanarka, karatun na nan cikakke a laftof, ka ɗora shi daga baya.

Ɗalibi, Bauchi

Ni tawa wuta ce. Laftof na da batir, rauta ba ta da shi. Ana ɗauke wuta a tayar da janareta, rauta ta mutu ta sake tashi, a yi minti ɗaya ko biyu babu layi. Ƙaramin UPS, wato batirin da ke riƙe wuta in an ɗauke, na sa mata, magana ta ƙare.

Mai gyaran kwamfuta, Zariya

Gaskiya ne. Wani lokacin kuma ba abin da za ka gyara a naka ɓangaren. A ranar 14 ga Maris 2024, cikin kwanakin farko na azumi, igiyoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama suka shiga matsala har da Najeriya da Ghana. A makon nan an kawo mini laftof da yawa waɗanda lafiyarsu ƙalau. In abin ya zo kwatsam bayan ka daɗe kana aiki lafiya, tambayi maƙwabta tukuna kafin ka taɓa saiti.

Mai watsa wa'azi, Maraɗi

Sannunku da ƙoƙari. Injiniya, ina tare da kai a kan rage nauyi, amma a inda sabis ke rawa kamar wurinmu, lamba ɗaya tsayayya ba ta wadatar ba. A saitin OBS na ci-gaba, sashen hanyar sadarwa, akwai zaɓin da ke barin manhajar ta rage nauyin bidiyo da kanta in layi ya cushe, ta mayar in ya saki. Hoto yakan ɗan dushe na ɗan lokaci, amma murya ba ta tsinkewa, kuma a karatu murya ce jama'a suka zo nema. Akwai daren da na sauko har 480p, ba wanda ya yi ƙorafi, domin ayar ba ta katse a bakin alaramma ba.

Ɗan'uwa na Kano, ka turo mana abu uku bayan karatun gobe: gudun turawa ana tsakiyar karatu, nauyin da ka saita, da wanne ne ke hawa cikin lissafin nan uku na OBS. Ka kuma faɗa mana ko da kebul kake haɗawa ko da Wi-Fi.