Zan fara aikin fata a ɗaki: me zan saya, me zan kiyaye?

Sabon Shiga:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Wata biyu ke nan ina kallon hotunan ayyukanku ina sha'awa, yau dai na ce bari in sa hannu. Ba sana'a nake nema ba, abin debe kewa ne in na taso daga aiki. Burina in ɗinka walat da bel, in Allah ya yarda har jaka. Na ga wani akwatin kayan aiki mai guda sittin da 'yan kai, in saya? Wurin da zan riƙa zama kuma ƙaramin ɗaki ne mai taga ɗaya. A taimaka min da shawara.

Baba Baduku:
Wa alaikumus salam ɗana, sannu da zuwa. Rabu da akwatin nan. Cikin sittin ɗin da wuya ka taɓa goma, goman ma ƙarfensu ba ya riƙe kaifi. Abin da zai kai ka ga walat ɗinka na farko bai taka kara ya karya ba. Wuƙa mai kaifi, rula ta ƙarfe, faifan roba da za ka riƙa yanka a kai, ƙarfen huda mai haƙora, guduma ta roba, allurai biyu marasa tsini, zare mai kaki, gam da samfefa. Basilla ka ƙara ta daga baya, in ka fara haɗa fatu masu kauri. Kuɗin da ya rage ka zuba shi a fata mai kyau, don a nan sabon hannu ke yin asara bai sani ba.

Kuma kar ka fara da walat. Fara da gidan kati, fata biyu a manne, ɗinki a gefe uku. In ya karkace ba ka yi ɓarnar komai ba.

Mai Basilla:
Baba ya gama magana. Abin da zan ƙara shi ne lambobi, don su suka fi ba ni wahala da farko. Ƙarfen huda ka nemi mai tazarar milimita 3.85 ko 4 tsakanin haƙori da haƙori, ka sayi biyu: mai haƙora biyu don kwana, mai shida don miƙaƙƙen layi. Zare mai kaurin milimita 0.6 ya dace da wannan tazara. Ni zaren Ritza nake amfani da shi, allura kuma John James lamba 002.

Kaurin fata za ka ga ana rubuta shi da oza. Oza ɗaya wajen milimita 0.4 ce. Gidan kati da walat, milimita 1 zuwa 1.4. Bel kuwa 3.2 zuwa 4, kuma a yanko shi daga gadon bayan fatar, kusa da ƙashin baya. Fatar ciki tana miƙewa, bel ɗin da aka yanka daga can ba ya shekara sai ya zama kamar igiya.

Sabon Shiga:
Na gode Baba, na gode Yaya. Fatar fa? Na ga wata ana cewa jimar tsirrai, wata kuma jimar kurom. Bambancin na da yawa ne?

Majemi:
Da yawa kuwa, ƙanena. Jimar tsirrai ita ce ta asali, da bagaruwa ko ɓawon itace, tana cin makonni kafin fata ta nuna. Jimar kurom da gishirin sinadari ake yin ta, kwana ɗaya ko biyu an gama, shi ya sa mafi yawan fatar da ke duniya yau ita ce. A ƙarni na 19 aka gano ta.

Kai ta tsirrai ce taka. Tana da ƙarfi a hannu, wuƙa na bin ta ba ta zillewa, in ka jiƙa ta tana karɓar zane ta riƙe siffa, bakinta kuma yana goguwa ya yi sheƙi. Ta kurom laushi gare ta, ta yi kyau a jaka da riga, amma in ka zo yanka sai ta riƙa miƙewa ƙarƙashin rula, bakinta kuma ko ka kwana kana gurza ba zai kwanta ba. In kana son ganewa, yanki ɗan gefe ka duba tsakiyar. Ta kurom sau da yawa za ka ga launin toka mai ratsin shuɗi. Ta tsirrai ruwan ƙasa ce ciki da waje, kuma in ka ɗiga mata ruwa, matuƙar ba a shafe fuskarta da wani abu ba, nan take za ta shanye ta yi duhu.

Wanda zai yi kuben wuƙa ya riƙe wannan: ta tsirrai ake sa wa, kuma ko da ita kar a ajiye ƙarfe a ciki wata da watanni, fata na riƙe danshi.

Mai Sirdi:
Ni ban yarda da maganar "wuƙa mai kaifi" kawai ba, Baba a yi min afuwa. Ya kamata a faɗa masa wace. Ya fara da wuƙar nan mai siffar rabin wata tun yanzu hannunsa ya saba. Da ita ake yanka, da ita ake fere baki, da ita ake bin lanƙwasa.

Baba Baduku:
Ba laifi Malam, wuƙar rabin wata ba ta da na biyu a hannun wanda ya iya wasa ta. To yaron nan bai taɓa riƙe dutsen washi ba. Tura ta ake yi gaba, bakinta kuma faɗi gare shi ta ko'ina, ga hannun hagu a kan fata. Ya fara da wuƙar Olfa mai bakin da ake ɓallewa. Ta dakushe, ya ɓalle, ya ci gaba. In ya yi gidan kati goma sai mu zauna a kan rabin wata.

Abin da ya fi zaɓen wuƙa shi ne a san cewa dakusasshiya ita ke yanka mutum. Mai kaifi ba ta son ƙarfi, ja uku a hankali ta raba fata. Dakusasshiya sai ka danna, in ka danna kuma ta kuɓuce, duk ƙarfin da ka sa yana biye da ita. Ka manna guntuwar fata a katako, ka shafa mata koren sinadarin washi, kowane minti kaɗan ka ja bakin wuƙar baya a kai sau goma.

Mai Basilla:
Shaida a kan wannan tana babban yatsana na hagu. Ina yanka bel da dare, na gaji, na ce bari in ƙarasa layi ɗaya. Yatsan ya leƙo bakin rula da abin da bai fi ƙwayar shinkafa ba. Ban ji zafi ba da farko, sanyi na ji, sai na ga jini yana bin lambobin rular yana sauka kan fatar. Ɗinki huɗu aka yi min, har yau wurin ba ya jin taɓi sosai. Tun ranar nan kafin in ja wuƙa sai na kalli yatsuna huɗu na tabbata suna bayan layi, kuma a tsaye nake yanka doguwar fata. Na sayi rula mai roba a ƙasa da ba ta zamewa. In wuƙa ta suɓuce daga tebur kuma, janye ƙafa, kar ka kai hannu.

Anti Nas:
Sannu Mai Basilla, Allah ya kiyaye gaba. Tunda an zo nan, kowa ya ajiye bandeji da filasta inda hannu ɗaya zai iya kai wa. In an yanke, a danne da tsumma mai tsabta minti goma cur ba tare da ɗagawa ana leƙe ba, a ɗaga hannun sama. In jini bai tsaya ba, ko raunin ya buɗe baki, ko yatsa ya ƙi lanƙwasuwa, ko ya mutu ba a jin sa, asibiti kai tsaye, don jijiya ce ta yiwu ta taɓu. Sukar basilla ƙarama ce a ido amma tana da zurfi. Wanda ya haura shekara 10 bai yi allurar tetanus ba ya je ya sabunta.

Maman Biyu:
Duk kun tsaya a kan wuƙa, ni kuwa maganar ɗaki mai taga ɗaya ce ta tsaya min a rai. Ƙanena, gam ɗin nan mai ƙarfin wari shi ya kusa raba ni da aikin nan. Lokacin sanyi na rufe taga ina haɗa jakunkuna uku, gwangwani a buɗe kusa da gwiwata. Bayan kamar awa ɗaya na daina jin warin, na ɗauka ya tafi. Ashe hancina ne ya saba. Da na miƙe ɗakin ya juya da ni, sai da na dafa bango. Kwana biyu kaina na sarawa. Abin da ya fi tayar min da hankali, yarana suna ɗakin da ke kusa, ƙofa a buɗe.

Daga baya na karanta jikin gwangwanin. Irin wannan gam ana narka shi da sinadarai kamar toluwin da hekzen da asiton. Hekzen ɗin nan an daɗe da sanin yana lalata jijiyoyin hannu da ƙafa, an gani a masu haɗa takalma a Italiya da masu yin silifa a Japan da suka yi ta shaƙa a ƙananan ɗakuna. Yanzu na koma gam mai ruwa, Renia Aquilim 315. Yana ɗan jinkirin bushewa, amma ga walat da gidan kati ya isa har ya yi yawa, tunda ɗinki ne ke riƙe aikin, gam ɗin taimako ne kawai kafin allura ta wuce.

Mai Sirdi:
Hajiya gaskiya ne, sai dai akwai aikin da mai warin ya fi kamawa, kamar tafin takalmi. In dole ce, a fita da shi waje, ko a sa fanka a taga tana fitar da iska, ƙofa a buɗe. A ɗebi kaɗan a rufe gwangwani. Kuma takunkumin N95 ƙura yake tarewa, tururin gam wucewa yake yi ta cikinsa kamar babu. Mai gwangwanin gawayi na tururin sinadari shi ne maganinsa.

Sai wuta. Zaren roba da laita muke ƙone bakinsa in mun gama ɗinki, ko ba haka ba? To tururin gam ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi yana rarrafe. Kar laita ta kunnu a ɗakin da aka shafa gam yanzu. Rini mai sifirit irin na Fiebing's shi ma yana kamawa. Sa safar hannu in za ka yi rini, in ba haka ba mako guda kana yawo da shi a farce.

Anti Nas:
A ƙara da ƙura. Mutane na raina ta saboda ba ta da wari. Hukumar binciken cutar daji ta duniya, IARC, ta sa ƙurar fata a rukuni na ɗaya na abubuwan da ke jawo cutar, saboda dajin hanci da aka gani a ma'aikatan masana'antar takalma. Ba ina cewa mai goge walat ɗaya a mako yana cikin irin haɗarinsu ba, su shekaru suka yi a ciki. Amma duk wanda ya sa samfefa a inji ya sa takunkumi, a nan N95 ke da amfani, ya kuma share da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya.

Ɗan Zane:
Tambaya a gefe. Ina da ƙaramin injin leza, ina so in riƙa zana suna a kan fata. Akwai matsala?

Majemi:
A kan ta tsirrai kaɗai, kuma hayaƙin ya fita waje ta bututu. Ta kurom kar ka ƙona ta, zafi na iya juya kurom ɗin zuwa nau'insa mai guba. Wadda ta fi haɗari ita ce fatar roba ta PVC, hayaƙinta yana ɗauke da asid mai cin huhu, yana cin injin ma. Fatar da ba ka san asalinta ba kar ta shiga.

Baba Baduku:
Na manta maganar guduma. Kar a bugi ƙarfen huda da hamar ƙarfe. Kansa na buɗewa kamar laima, wata rana ɓarɓashi ya fallatso ido. Ta roba, faifan roba a ƙarƙashin fata don haƙoran, in da dutse mai nauyi a ƙasan faifan ya fi, ƙara ma za ta ragu.

Sabon Shiga:
Salam. Na dawo bayan mako biyu, ga hoton gidan katina na farko. Na bar akwatin, na sayi abin da Baba ya lissafa da gam mai ruwa, tebur kuma na matsar da shi gindin taga. Matsala biyu: zare ya ƙare min saura ramuka biyar, ɗinkin baya kuma ya yi ta hawa da sauka duk da na gaba ya miƙe.

Mai Basilla:
Masha Allah, ga na farko wannan ya yi. Zare ka auna tsawon layin sau huɗu, ka ƙara kamu ɗaya don allurai. Na baya kuwa ƙarfen huda ne ba ka riƙe a tsaye ba, ya kwanta ɗan kaɗan a wasu bugun. Juya fatar yadda layin zai fuskance ka a miƙe, ka kalli ƙarfen daga gaba kafin ka buga. Wajen ɗinki kuma allurar da ka fara da ita a ramin farko, da ita za ka fara a kowane rami, zare ya bi gefe ɗaya kullum.

Maman Biyu:
Bakin ma bai gama ba, ƙanena. Bi shi da samfefa mai lamba 400, sannan mai lamba 800, ka ɗan shafa Tokonole, man goge bakin fata, ko ruwa zalla da ɗan yatsa, ka gurza da guntun kyanbas har ka ji ya ɗau ɗumi yana ɗan kama tsumman. Ka turo mana hoto in ka yi.